Tambaya da Amsa: Ina Ruwan Mai Gudanar da Asibiti da Lafiyar Wanda Bai Zo Asibiti Ba?

Wasiƙu huɗu muka haɗa a wannan fitowar, domin dukkansu sun taɓo darasi guda da ake koyarwa a karatun digiri na biyu na gudanar da harkokin lafiya, wato darasin tafiyar da lafiyar jama'a a dunƙule, ma'ana kula da lafiyar wani rukuni na mutane gaba ɗaya, har da waɗanda ba su zo asibiti ba. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni jami'in mulki ne a wani babban asibitin jiha. Ƙanwata ta samu gurbin karatun digiri na biyu kan gudanar da harkokin lafiya a wata jami'a a Amurka, kuma ta turo mini jerin darussan da za ta ɗauka. Na ga darasin kuɗi, da na dokoki, da na kula da ma'aikata, duk na fahimci amfaninsu. Amma akwai wani darasi na dole kan tafiyar da lafiyar jama'a a dunƙule. Ina ruwan mai gudanar da asibiti da wannan? Ashe ba aikin ma'aikatar lafiya da duba-gari ba ne? (Daga wani mai karatu a Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana kan hanya, domin su kansu malaman wannan fanni a Amurka sun daɗe suna kallon lamarin kamar yadda kake kallonsa. Karatun gudanar da asibiti a matakin digiri na biyu ya faro ne a Jami'ar Shikago a 1934, kuma shekaru da dama bayan haka abin da ake so ɗalibi ya iya shi ne tafiyar da abin da ke cikin katangar asibiti: gadaje, ma'aikata, ɗakin magani, da littafin kuɗi. A wancan tsari ana biyan asibiti ne bisa kowane aikin da ya yi, don haka duk gadon da ya cika kuɗi ne ya shigo, mutumin da yake gida kuwa, ko lafiyarsa ƙalau ko ciwo na cinsa a hankali, ba ya cikin lissafin kowa sai ranar da aka kawo shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya shigo da darasin nan cikin manhaja shi ne sauyin da aka samu a yadda ake biyan asibitoci, musamman bayan dokar kiwon lafiya da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010. Daga watan Oktoba na 2012, shirin inshorar gwamnati na tsofaffi mai suna Medicare ya fara zaftare kuɗin asibitin da majinyatansa suka cika komawa kwanciya cikin kwana 30 da sallama. An fara da masu bugun zuciya, da masu gazawar zuciya, da masu ciwon huhu na nimoniya, kuma tarar ta fara daga kashi 1 cikin 100 har ta kai kashi 3 cikin 100 na kuɗin kwanciyar da shirin yake biyan asibitin. Dokar ta kuma wajabta wa asibitocin da ba na neman riba ba su binciki buƙatun lafiyar al'ummar da ke kewaye da su duk bayan shekara uku, wanda ya ƙi kuma a ci shi tarar dala 50,000. Sannan ta buɗe ƙofar da likitoci da asibitoci za su haɗa kai su ɗauki alhakin wasu ayyanannun mutane, idan sun kula da su da kyau kuma kuɗin da aka kashe ya yi ƙasa da abin da aka ƙiyasta, a raba rarar da su.

Ka duba abin da wannan ya jawo wa mutum irinka. An sallami dattijo mai gazawar zuciya, ya koma gida, bai fahimci yadda zai sha maganinsa ba, ko ba shi da wanda zai kai shi ganin likita, bayan mako uku ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya gagara, aka dawo da shi. A da wannan dawowa ciniki ne ga asibiti, yanzu kuwa asara ce. Dole mai gudanarwa ya san wanda zai buga wa dattijon waya bayan kwana biyu, da wanda zai tabbatar ya karɓi maganinsa, da inda za a samo albashin waɗannan ma'aikata. Ra'ayina shi ne, ba tausayi ne ya sa aka fara koyar da darasin nan ba, lissafin kuɗi ne, kuma ban ga aibu a faɗar haka ba, domin ɗalibin da ya san asalin abu ya fi sanin inda zai yi aiki da inda ba zai yi ba.

Game da bambancinsa da aikin ma'aikatar lafiya, a 2003 wasu masana biyu, David Kindig da Greg Stoddart, sun bayyana lafiyar jama'a a dunƙule da cewa ita ce halin lafiyar wani rukuni na mutane, haɗe da yadda wannan hali ya rarrabu a tsakaninsu, wato su wa suka samu, su wa aka bari a baya. Ma'aikatar lafiya tana da alhakin kowa da ke cikin ƙasa ko jiha, kuma makamanta su ne doka, da rigakafi, da tsabtar ruwa da muhalli. Mai gudanarwa kuwa jama'arsa ƙididdigaggu ne, yana da sunayensu a rajista, sau da yawa ma kuɗin kula da su yana hannunsa. A 2008 Jami'ar Thomas Jefferson da ke Filadelfiya ta buɗe makaranta sukutum kan wannan fanni, ƙarƙashin jagorancin Dakta David Nash. A shekarar ne kuma Donald Berwick da abokan aikinsa biyu suka fitar da manufofi uku da ƙanwarka za ta ji har ta gaji: kyautata yadda ake kula da majinyaci, inganta lafiyar jama'a, da rage kuɗin da ake kashewa a kan kowane mutum.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina tunanin komawa karatu a wannan fanni. Mene ne ainihin abin da ake koyarwa a darasin, kuma akwai shaidar cewa yana aiki, ko dai yayi ne kawai na 'yan boko? (Daga wata mai karatu a Kaduna)

Amsa: Malama, kashi na biyu na tambayarki shi ne ya fi muhimmanci, amma bari mu fara da na farko.

Abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne ya daina ƙirga waɗanda suka zo kaɗai. Asibiti zai iya cewa ya duba masu hawan jini 2,000 a bara, kuma kowa ya yaba, amma tambayar darasin ita ce: masu hawan jini nawa ne a cikin mutanen da ke ƙarƙashin kulawarku, nawa ne aka gano, nawa ne ke shan magani, nawa ne jininsu ya sauka ya daidaita? Don amsa wannan ake koyar da ilimin yaɗuwar cututtuka daidai buƙatar mai gudanarwa, da yadda ake haɗa rajistar masu ciwo guda, da yadda ake karanta bayanan da kamfanonin inshora ke tarawa. Daga nan sai a koyi kasa mutane gida-gida gwargwadon haɗarin da suke ciki, domin ƙididdiga a Amurka ta daɗe tana nuna cewa kashi 5 cikin 100 na jama'a su ke cinye kusan rabin kuɗin da ake kashewa kan lafiya. Mai lafiya yana buƙatar tunatarwa da rigakafi, mai ciwon suga da ya daidaita yana buƙatar bibiya, mai cututtuka huɗu da ke zaune shi kaɗai yana buƙatar ma'aikacin da zai riƙa leƙa shi.

Sai lissafin biyan kuɗi bisa kan mutum, wanda a nan ne ɗalibai da yawa ke fara gumi. A misali, a ce an yi wa mutum 10,000 rajista a cibiyarki, ana ba ki naira 1,000 a kan kowannensu duk wata, ko sun zo ko ba su zo ba. Naira miliyan 10 ke nan a wata. Ana so ɗalibi ya lissafa mutum nawa za su zo, da abin da zuwansu zai ci, da abin da zai faru idan annoba ta ɓarke, sannan ya yanke shawara ko ya fi riba ya ɗauki ma'aikata biyu masu zagaya gidaje. Malamin kirki zai kuma nuna wa ɗalibai mummunar fuskar tsarin, domin wanda ake biya ko bai yi aiki ba yana iya fara kakkauce wa masu ciwo mai tsanani, ko ya yi ta tura su wani asibitin, shi ya sa ake haɗa biyan da ma'aunin ingancin aiki.

Ana kuma koyar da abubuwan da ke wajen asibiti amma suke yanke hukunci kan lafiya, irin su muhalli, abinci, aikin yi da ilimi. Za ki ci karo da wani rabo da Jami'ar Wisconsin ta yi amfani da shi wajen jera gundumomin Amurka tun daga 2010, inda aka ba yanayin zamantakewa da tattalin arziki kashi 40, ɗabi'un mutane kashi 30, kulawar asibiti kashi 20, muhalli kashi 10. Ana yawan ambatonsa kamar awo ne da aka yi da sikeli, alhali nauyi ne da masana suka tsara don aikin jeri. Yana da amfani wajen rage wa masu asibiti ji da kai, amma kada ki ɗauke shi a matsayin dokar halitta.

To, yana aiki? Akwai misalai biyu da nake ganin bai kamata a koyar da ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Na farko shi ne na Kaiser Permanente, wata ƙungiya da ta haɗa inshora da asibitoci da likitoci wuri guda. A reshenta na arewacin Kalifoniya, a 2001 kimanin kashi 44 cikin 100 na masu hawan jini ne jininsu ya daidaita, amma zuwa 2009 adadin ya kai kashi 80, a rajistar da ta ƙunshi mutum sama da 600,000. Ba wani sabon magani aka ƙirƙiro ba. An haɗa rajistar duk masu ciwon, aka riƙa aika wa kowace cibiya sakamakonta ta ga matsayinta a cikin takwarorinta, aka tsara matakan ba da magani masu sauƙi da kowane likita zai bi, aka ƙarfafa amfani da ƙwaya ɗaya mai haɗe da magani biyu, aka kuma ba mataimakan likita damar auna jinin majinyaci makonni kaɗan bayan an sauya masa magani ba tare da ya biya kuɗin ganin likita ba. Kusan duk waɗannan shawarwari ne na gudanarwa: wa zai yi wane aiki, wane bayani za a tara, me za a cire wa kuɗi.

Na biyu shi ne na birnin Camden a jihar New Jersey, ɗaya daga cikin birane mafi talauci a Amurka. Wani likita, Jeffrey Brenner, ya binciki bayanan asibitocin birnin ya ga cewa mutane ƙalilan ne ke ta kai-komo a sashen gaggawa, sai ya kafa tawagar ma'aikatan jinya da na walwalar jama'a suna bin su har gida, suna raka su ganin likita, suna taya su neman matsuguni da tallafi. Zuwan mutanen asibiti ya ragu sosai, labarin ya bazu, aka yi ta kwaikwayon tsarin. Daga baya ƙungiyar da Brenner ya kafa ta amince a gwada shirin ta hanyar ƙuri'a, wato sa'a ce za ta raba wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, tare da masaniyar tattalin arziki Amy Finkelstein ta jami'ar MIT. An raba majinyata 800 gida biyu, rabi suka shiga shirin, rabi aka bar su da kulawar da aka saba. Sakamakon da aka wallafa a watan Janairun 2020 ya nuna cewa cikin kwana 180, kashi 62.3 cikin 100 na waɗanda ke cikin shirin sun sake kwanciya, a ɗaya rukunin kuwa kashi 61.7. Babu wani bambanci na a-zo-a-gani. Dalilin raguwar da aka gani tun farko shi ne, an zaɓo mutanen ne a lokacin da ciwonsu ya kai ƙololuwa, kuma wanda aka ɗauko a irin wannan lokaci yawanci zuwansa asibiti zai ragu daga baya, ko an taimaka masa ko ba a taimaka ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan kin je neman gurbi, ki tambaya ko ana koyar da yadda ake auna tasirin shiri ta hanyar kwatanta rukuni da rukuni. Darasin da ya cika da labaran nasara kawai, zai yaye mutanen da za su kashe dukiyar jama'a suna murna da alƙaluman da ba su fahimta ba.

Tambaya: Ni malami ne a wata jami'a a arewacin Najeriya, kuma ina cikin kwamitin da ke sake duba manhajar digirinmu na biyu kan gudanar da harkokin lafiya. Wasu abokan aiki sun kawo shawarar mu ɗauko tsarin darasin daga wata jami'ar Amurka mu saka yadda yake. Me kuke gani? (Daga wani malamin jami'a)

Amsa: Allah ya ƙara sani, Malam. Shawarata ita ce ku ɗauki hanyar tunanin, ku bar mafi yawan misalan. Wani babban sashe na darasin Amurka bayani ne kan dokokin Medicare da yarjejeniyoyin kamfanonin inshora, waɗanda ɗalibinku ba zai taɓa aiki da su ba. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fitowa kai tsaye, don haka babu mai cin tarar asibiti don majinyaci ya dawo, kuma matsalar da ta fi yawa ita ce mutumin da bai zo ba sam saboda ba shi da kuɗin kati. Idan kun koyar da darasin ba tare da kun fara daga nan ba, ɗalibai za su haddace shi don jarrabawa su ajiye.

Duk da haka kuna da ƙasar da za ku dasa shi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a watan Mayun 2022 ta mayar da inshora wajibi, kuma jihohi sun kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu, irin ta jihar Kano. A waɗannan tsare-tsare ana biyan cibiyoyin matakin farko bisa kan mutum, wato ainihin lissafin da na yi wa mai tambaya ta biyu bayani. Ɗalibinku da zai zama shugaban sashe a irin wannan hukuma, ko sakataren asibiti, yana buƙatar sanin abin da zai yi da jerin sunayen da aka ba shi. Maƙwabciyarmu Nijar ma tana da darasi mai kyau ga aji: tun 2006 ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, zuwan yara asibiti ya ƙaru, amma jinkirin mayar wa cibiyoyi kuɗinsu ya sa da yawa suka rasa abin sayen magani. Manufa mai kyau ce da hanyar biyan kuɗi ta yi wa tarnaƙi, kuma wannan shi ne irin abin da mai gudanarwa ya kamata ya hango tun kafin a fara.

Babban ƙalubalen da za ku fuskanta shi ne sanin adadin jama'a. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, kuma alƙaluman da ake aiki da su a gundumomi ƙiyasi ne da aka ɗora a kanta, shi ya sa wani lokaci rahoto zai nuna an yi wa sama da kashi 100 cikin 100 na yaran wata gunduma rigakafi. Ku mayar da wannan ya zama darasi. Ku ba ɗalibai bayanan wata ƙaramar hukuma daga manhajar DHIS2 da cibiyoyin lafiya ke shigar da rahotonsu na wata-wata, ku ce su nemo inda alƙaluman suka saɓa wa hankali, sannan ku tura su cibiyar su buɗe rajistar takarda su kwatanta. Ku haɗa da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, domin rajistar masu ciwo amana ce.

Kada kuma ku raina abin da ke ƙofar gidanku. Yaƙin da aka yi da cutar shan inna, wanda ya kai ga ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020, aiki ne na tafiyar da jama'a a dunƙule tun daga tushe: taswirar kowace unguwa da ruga, alamar alli a bangon gida mai nuna yara nawa aka samu da nawa ba sa nan, tawada a ɗan ƙaramin yatsan yaro, da zaman yamma inda ake bitar gidajen da aka tsallake don a koma washegari. Haka rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina ga yara masu wata 3 zuwa 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012. Jami'an da suka jagoranci waɗannan ayyuka a ƙananan hukumomi sun fi littattafai da yawa sanin yadda ake nemo wanda ba ya cikin lissafi, kuma ya dace ku gayyato su aji. Idan kuna son misalin yadda ake ɗauko tsarin waje a gyara shi, ga shirin kula da hawan jini da Jami'ar Abuja da Jami'ar Northwestern ta Amurka suka gudanar a cibiyoyin matakin farko 60 a babban birnin tarayya, wanda aka gina a kan tsarin Kaiser da na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma aka ɗora nauyin aikin a kan ma'aikatan lafiya na al'umma maimakon likitoci.

Game da wanda zai koyar, kada ku bar wa sashe ɗaya. Malamin likitancin al'umma zai mayar da shi ilimin cututtuka zalla, malamin gudanarwa kuma zai mayar da shi kasafin kuɗi. Ku haɗa su aji guda, kuma ku sa mafi yawan maki a kan aikin fili: ɗalibi ya zaɓi rukuni guda, misali mata masu juna biyu a gunduma ɗaya, ya ƙiyasta yawansu, ya gano inda ake rasa su tsakanin awon farko da haihuwa, ya kawo shiri da farashinsa, ya kuma faɗi rukunin da zai kwatanta da shi don a san ko shirin ne ya kawo sauyi.

Tambaya: Digirina na farko kan tattalin arziki ne. Sai likita ne zai iya wannan karatu? (Daga wani mai karatu a Maraɗi)

Amsa: A'a, ɗan'uwa. A Amurka da yawa daga cikin ɗaliban wannan digiri ba likitoci ba ne, sun fito ne daga fannonin kasuwanci, tattalin arziki, kimiyya da jinya. Karatun yakan ɗauki shekara biyu, tare da zaman koyon aiki a asibiti ko kamfanin inshora a tsakiyarsa. Idan can za ka nema, ka duba ko shirin yana da amincewar hukumar CAHME, wadda ke tantance irin waɗannan digirori, kuma asalinta ya koma 1968. Ilimin ƙididdigar da ka yi zai ba ka fifiko a darasin da muke magana a kai. Inda za ka sha wuya shi ne sanin yadda cututtuka ke tafiya da kuma yaren ma'aikatan asibiti, don haka kafin ka tafi ka nemi izinin zama na wasu makonni a wata cibiyar lafiya ta matakin farko, ka zauna kusa da mai cike rajista da mai ba da magani, ka lura da majinyatan da aka ce su dawo bayan wata guda, ka ga nawa ne suka dawo, ka kuma tambaya ko akwai wanda aikinsa ne ya nemi sauran.